Neman shawara kan ɗaukar hoton ƙaramin ɗaki don tallan haya

Ƙaramin Dillali, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar manya da waɗanda suka san kan ɗaukar hoto, bisa wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara biyu ke nan ina koyon dillancin gidajen haya a hannun wani dattijo a nan Birnin Kebbi, kuma da yake ni ne yaro, manyan gidaje a wajensa suke tsayawa, abin da ke faɗowa hannuna kuwa ƙananan ɗakuna ne a Badariya da Bayan Kara da wani ɓangare na Gesse, ko dai ɗaki guda mai banɗaki a ciki, ko kuma ciki da falo. Masu neman irin waɗannan yawanci ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ne, da masu hidimar ƙasa da aka sallamo daga sansanin Dakingari, da ƙananan ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. Babu wanda ke da lokacin zagayen unguwanni a cikinsu. Kowa cewa yake a fara turo masa hoto ta WhatsApp.

Idan na ɗauki hoton yadda wayar ta buɗe, bango guda da rabin taga kawai ke fitowa, ɗakin ya yi duhu, tagar kuma ta yi fari fat kamar an manna takarda. Idan na danna 0.5, wato maɓallin kyamarar waya da ke faɗaɗa hoto, ɗakin ya fito gaba ɗaya, sai dai ya zama kamar falon sarki. A watan jiya wani bawan Allah ya taso daga Jega saboda irin wannan hoton, ya biya kuɗin mota da na kabu-kabu, da na buɗe masa ɗakin, wanda ƙafa 10 ne a kan 12, ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai akurki ne, ina ɗakin da ka turo mini?" Na rasa inda zan sa kaina don kunya, kuma har ga Allah ban yi da nufin yaudara ba. Shin a ina ya kamata in tsaya, da wane lokaci, kuma wannan 0.5 ɗin a bar shi ne gaba ɗaya ko akwai yadda ake amfani da shi? Ba ni da kyamara, wayata ce kawai.

Mai Hoton Biki, Argungu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wayarka ta isa, matsalar tana wajen tsayuwarka da riƙonka. Bari in fara da dalilin da ya sa abin yake faruwa, domin idan ka gane shi sauran za su zo maka da sauƙi.

Babban idon kyamarar yawancin wayoyi, wanda ake rubuta wa 1x, daidai yake da gilashin ido mai milimita 24 zuwa 26 a babbar kyamara, kuma abin da yake iya gani daga hagu zuwa dama bai wuce kusan digiri 70 ba idan ka kwantar da wayar. Kusurwar ɗaki kuwa digiri 90 ce. Ka ga ke nan duk yadda ka matse bayanka a lungu, wannan idon ba zai haɗa maka bango biyun da ke gefenka ba. Shi kuma 0.5 daidai yake da wajen milimita 13, yana ganin sama da digiri 100, amma abin da yake biya da shi shi ne ya ja duk abin da ke bakin hoto ya miƙe shi, ya kuma tura na tsakiya can nesa. Shi ya sa tayil ɗin da ke kusa da ƙafarka yake komawa kamar tabarma, bangon ƙarshe kuma ya yi kamar sai an yi tafiya kafin a kai gare shi. Ni abin da nake yi shi ne in buɗe 0.5 ɗin, sannan in ɗan matso da shi da yatsu biyu zuwa 0.7 ko 0.8, domin hakan yana yanke gefunan da suka fi miƙewa, ɗakin ya fito kusa da yadda ido ke ganinsa.

Amma abin da ya fi zaɓen ido muhimmanci shi ne tsayin da ka riƙe wayar. Mutane sun saba ɗaga waya daidai fuska sannan su sunkuyar da ita don ƙasa ta fito, kuma da zarar ka sunkuyar da ita, bangon hagu da na dama za su buɗe ta sama su tsuke ta ƙasa, ɗakin ya zama kamar mazurari. Idan ka ɗaga kanta sama kuwa, sai su haɗe ta sama kamar bukka. Ka sauke ta zuwa tsayin makunnin wutar da ke bango, wato tsakanin ƙirji da cibiya, ka tsayar da bayanta sak ba karkata. Ka shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara, sannan ka daidaita ɗaya daga cikin layukan tsaye da gefen ƙofa ko kusurwar bango. Matuƙar gefen ƙofa ya tsaya a miƙe, ido yana yarda da hoton. Idan ya karkace, ko wanda bai san komai game da hoto ba zai ji a jikinsa cewa akwai abin da ba daidai ba. Idan an ɗan samu kuskure, manhajar Snapseed kyauta ce kuma tana da wurin miƙe layuka, sai dai gyaran yana cin gefen hoton, don haka gara a daidaita tun wajen ɗauka.

Wurin tsayuwa guda biyu ne a ƙaramin ɗaki: bakin ƙofa, har ma ka ja da baya taku ɗaya zuwa waje muddin katakon ƙofar bai shigo ba, sai kuma lungun da ke fuskantar ƙofar. Hoto biyun nan, ɗaya daga kowane ɓangare, sun fi hoto guda da aka tilasta wa haɗiye komai. Kada ka yi amfani da tsarin nan na zagaya waya don haɗa dogon hoto, yana lanƙwasa bango kamar rumbu.

Maganar haske kuwa, ka san inda tagar take kallo kafin ka tafi. Wadda ke kallon gabas ka bari sai bayan azahar, wadda ke kallon yamma ka je da hantsi, abin nema dai shi ne ɗaki ya cika da haske ba tare da rana ta shimfiɗa farin tabo a ƙasa ba. A yankinmu, daga kaka har cikin hunturu rana tana karkata kudu da tsakar rana, saboda haka tagar kudu ce ke shan rana a lokacin, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma takan ɗan koma arewa. Ranar da hazo ya sauka, wadda kowa ke kuka da ita, ita ce ranar da na fi so don hoton cikin ɗaki, domin hazon yana tace hasken ya yi laushi. Sai dai ka goge gilashin kyamarar da gefen rigarka kafin kowane ɗaki, saboda rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi ƙura ce da maiƙon yatsa. Ka sa tagar ta kasance a gefenka ko a bayanka. Idan dole ta shigo gabanka, ka kunna HDR, wato tsarin da ke daidaita wuri mai haske da mai duhu a hoto guda, ka taɓa bangon da ke kusa da tagar a fuskar waya, sannan ka ɗan ja hasken ƙasa har ƙarafan tagar su bayyana. Filasha kuwa ka manta da ita, domin a kan tayil da fentin mai ba abin da take bari sai farin ƙyalli.

Hajiya Mai Gidan Haya, Gesse:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san digiri ko milimita ba, amma ina da ɗakunan haya, kuma na nema wa 'ya'yana ɗaki a garuruwan da suka yi karatu, don haka na ga hotunan dillalai iri-iri. Ɗana, kafin ka kai ga duk abin da malam mai hoto ya faɗa, ka ɗauki tsintsiya. Sau nawa ake turo hoton ɗaki ga buta a tsakiya, ga silifa ƙafa ɗaya, ga ragowar buhun siminti a lungu, ga yanar gizo-gizo tana lilo daga fanka? Babban ɗaki yana iya haɗiye irin wannan tarkace, ƙarami kuwa bokiti guda ya isa ya cika shi. A share, a goge tayil a bari ya bushe, a cire tsohuwar kalanda da ƙusoshin da wanda ya tashi ya bari, a yaye labule, a kashe fanka don kada fukafukanta su fito kamar hayaƙi.

Sannan ku dillalai maza kuna ɗaukar abin da ya burge ku ne, ba abin da mai zama zai tambaya ba. Za a turo hoton silin mai ado har guda uku, amma babu na banɗaki ko na kicin, alhali mace ba za ta ce tana so ko ba ta so ba sai ta ga waɗannan biyun, ta ga inda za ta yi shanya, ta ga ko tagar tana kallon tsakar gida ne ko tana kallon titi inda kowa zai leƙo. A nuna famfo, a nuna tanki idan akwai, a nuna inda soket yake. Ni idan aka turo mini hoto, tayil nake ƙirgawa: idan mai santimita 60 ne, guda shida a jere sun kai kusan ƙafa 12, guda biyar kusan ƙafa 10, kuma ba dillalin da zai faɗa mini wani abu daban. Don haka ka bar ƙasan ɗakin ta fito sosai.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: idan akwai mai haya a ciki wanda bai kai ga tashi ba, kada ka ɗauki hoto sai da izininsa, musamman ɗakin matar aure. Gadonta da jerenta da hotunan 'ya'yanta ba kayan talla ba ne, kuma hoton da ya shiga zauren WhatsApp ba mai iya dawo da shi.

Tsohon Dillali, Makerar Gandu:

Yaro, na ji daɗi da ka ce kunya ta kama ka, domin wanda kunya ke kamawa yana da sauran gyara. Ni ban yarda da malam mai hoto ba a kan wannan 0.5, ko an rage shi ko ba a rage ba. Mun yi dillanci tun ba a san wayar hannu ba, mai nema ya zo ka ɗora shi a bayan keke ko babur ka kai shi ya gani da idonsa, kuma jarin dillali a lokacin da yanzu duk ɗaya ne, wato idan ya ce abu kaza ne a tarar da shi kaza. Kowa ya san hadisin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa game da mai algus. Ban ce ka yi algus da gangan ba, amma mutumin Jega kuɗin motarsa ya tafi, kuma idan wani ya tambaye shi dillali a Birnin Kebbi ba kai zai ambata ba.

Shawarata ita ce ka sayi tef na awo irin na magina ka sa a aljihu, duk ɗakin da ka shiga ka auna tsawo da faɗi, ka rubuta a ƙarƙashin hoton. Ka ƙara masa da abin da zai gane nan take: ɗaki ƙafa 10 a kan 12, idan aka shimfiɗa katifa shida-shida ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan, idan mai huɗu da rabi ce za a samu wurin tebur da darduma. Mai neman ɗaki guda ya san kuɗin da ke aljihunsa, bai sa ran fada ba, abin da yake so ya sani shi ne ko kayansa za su shiga. Kuma idan akwai tabon yoyo a silin, ko danshi ya ci gindin bango, ka ɗauka ka tura tare da sauran. Wanda ya gani ya zo, ya zo da niyyar kamawa, kai kuma ka huta da ƙona mai a banza. La'adar da ka ci bayan mutum ya ga aibin da idonsa ba ta biyo ka da rigima idan damina ta faɗi.

Mai Hoton Biki, Argungu:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar awo da nuna aibi babu ja a cikinta, kuma ni ma zan fara ba da wannan shawarar. Inda nake neman afuwa shi ne hana 0.5 baki ɗaya, domin hoton da ya nuna bango guda kawai shi ma bai faɗi gaskiyar ɗakin ba, ya rage masa ne kamar yadda wancan ya ƙara masa, kuma mai gida shi ma yana da hakki a kan dillali. Akwai wurin da ba makawa sai da shi, kamar banɗaki mai ƙafa 4 a kan 6, inda 1x ba zai nuna maka komai ba sai tayil ɗin bango. A nan sai a tsaya daga waje, a buɗe ƙofa har ƙarshe, a tsayar da wayar a tsaye maimakon kwance, a rufe murfin masai, a kuma lura kada mai ɗauka ya fito a madubi. Ina ganin idan aka haɗa hoto mai faɗi guda, da na 1x guda biyu, da awon da Baba ya ce, babu wanda zai ce an rufe shi.

Na manta da abu biyu ɗazu. Idon 0.5 a yawancin wayoyi ya fi babban idon rauni a cikin duhu, shi ya sa hotonsa ke fitowa da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Maganinsa shi ne wayar ta tsaya cak: ko ka sayi ƙaramar sandar ɗora waya mai ƙafa uku, ko ka jingina gwiwar hannunka da katakon ƙofa, sannan ka sa jinkirin daƙiƙa 3 don taɓawar yatsanka kada ta girgiza ta. Na biyu shi ne ƙwan lantarki. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelvin na launin haske, farin ƙwan lantarki yana wajen 6500, mai ruwan ɗorawa kuma 2700 zuwa 3000, don haka idan ka kunna mai ruwan ɗorawa ga kuma hasken taga, rabin bango zai yi ja-ja rabi ya yi shuɗi-shuɗi, farin fenti ya fito kamar ya yi datti. Da rana ka kashe shi kawai. Idan kuma ka ga baƙaƙen layuka suna ratsa hoton a ƙarƙashin wasu ƙwayayen, ba wayar ce ta lalace ba. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan yana ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa amma kyamara tana kamawa. Idan wayarka tana da tsarin ƙwararru, ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, layukan za su ɓace.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka ka danna alamar HD, wato ta tura hoto da ingancinsa, da suka ƙara tun 2023, ko ka tura shi a matsayin fayil.

Ma'aikaci Daga Gusau:

Ina da gyara ƙarami a kan jimlar ƙarshe ta malam mai hoto, kuma mu da ke Zamfara ba ma wasa da irinsa. Idan wayarka tana ajiye wurin da aka ɗauki hoto, wannan bayanin yana maƙale a cikin hoton. Turawa ta hanyar da aka saba tana goge shi, amma turawa a matsayin fayil tana kai shi yadda yake, wanda ya karɓa kuma zai iya gano gidan a taswira. Ka shiga saitin kyamara ka kashe ajiye wuri kafin ka fara, ko ka tsaya a kan HD. Haka nan hoton waje: a tallan da kowa zai gani, babu bukatar lambar gida, ko lambar motar mai gida, ko yara suna wasa a ƙofa, ko inda aka ajiye janareto da batiran sola. Sunan unguwa ya isa, sauran sai wanda ka yi magana da shi ka natsu da shi.

Ƙaramin Dillali, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma ɗakin nan na Badariya da misalin ƙarfe goma na safe, tunda tagarsa yamma take kallo. Na share kamar yadda Hajiya ta ce, na sauke wayar daidai makunni, na ɗauki guda daga bakin ƙofa a 0.7, guda daga lungu a 1x, sai banɗaki da kicin da tsakar gida, da kuma tabon da ke silin kusa da fanka, na rubuta ƙafa 10 a kan 12 a ƙasa. Da na jera sabon hoton da tsohon, na ga abin da mutumin Jega ya gani. A tsohon har ƙofar ta yi faɗi kamar ta gareji.

Mai gidan bai ji daɗin hoton tabon ba, ya ce ina kashe masa kasuwa, amma mun rabu a kan zai kira mai gyaran kwano kafin ruwan farko. Wata mai hidimar ƙasa ta ce za ta zo ranar Asabar, kuma abin da ta tambaya kawai shi ne ko katifa huɗu da rabi za ta bar wurin buɗe ƙofar banɗaki, na koma na auna na ce mata za ta bari. Saura matsala ɗaya: banɗakin ba shi da taga sai 'yar kafa a sama, kuma lokacin da na je an ɗauke wuta, hoton ya fito baƙi ƙirin. Malam mai hoto, ko fitilar caji za ta yi?

Mai Hoton Biki, Argungu:

Za ta yi, amma kada ka haska ta kai tsaye a kan tayil, domin ƙyalli zai dawo maka cikin kyamara. Ka samu wanda zai riƙe ta a bayanka ya haska silin, hasken ya bugi farin fenti ya sauko a watse ko'ina. Ka jingina wayar da katakon ƙofa, ka sa jinkirin daƙiƙa 3, ka ɗauki uku ka zaɓi wanda layin tayil ya fi fita a ciki. Kuma ka rubuta mata cewa banɗakin ba shi da taga, tunda hoton ba zai nuna hakan ba.